Nauyin Motar Bamalli

Bamalli mai gyaran injin niƙa ya rasu a ƙarshen daminar nan, Allah ya jiƙansa. Ni sunana Almu, wankin hula nake yi a wata rumfa kusa da tsohuwar kasuwa, kuma tun muna firamare, lokacin da ake ce wa garin nan Abuja, muke tare da shi. Mutane da yawa a Suleja sun san fuskarsa, sun san motarsa, amma sun ɗauke shi abin da ba shi ba ne, kuma da hannuna a ciki. Shi ya sa na zauna in faɗi ko shi wane ne, iyakar yadda zan iya.

Siriri ne dogo, yana ɗan ranƙwafawa in yana tafiya. In zai yi dariya da bayan hannu yake rufe baki, saboda tafin kullum da baƙin mai. Daga firamare bai ci gaba ba. Mahaifinsa ya kai shi wajen wani Bayerabe, Baba Yemi, mai gyaran injuna, ya yi shekaru yana wanke kusoshi da kananzir kafin a bar shi ya taɓa inji. Da aka yaye shi sai ya tsaya a kan injin niƙa kaɗai. Ya taɓa ce min shi ne injin da in ya tsaya, matan ƙauye guda ke komawa turmi. In ya gama gyara ba ya tafiya sai an zuba masara an niƙa a gabansa, ya ɗebi garin ya sa a harshe. In ya ji ɗanɗanon ƙarfe ko yaya, sai ya sake kwance faifan, ko da masu injin suna cewa ya isa haka.

Ya auri Luba, 'yar unguwarmu, Allah ya ba su 'ya guda, Hamdiyya, wadda yanzu take koyarwa a makarantar firamare. Shi ya koya mata tuƙi da kansa. Da wasu suka yi magana, cewa ya yi ai mota ba ta tambayar wanda ya taka ta.

Motar Fijo 504 ce, ruwan madara. A wajen wani tsohon hedimasta a Gawu Babangida ya saye ta, kuma tun a lokacin ta kwana biyu a duniya. Yanzu irinta sun yi wuya. Samarin Abuja kan tsayar da shi a titi su ɗauki hoto da ita, wasu su taya. Amsarsa ɗaya ce, ba ta gama aikinta ba.

Aikin nata kuwa mai nauyi ne. In inji ya ƙi gyaruwa a ƙauye, sai ya kwanto shi a ɗora a but, a ɗaure murfin da igiya, ya kawo Suleja. Da an ɗora sai motar ta zauna da gindi, salansar hayaƙi na kartar ƙasa. Hanyoyin bayan Izom kuwa duk ruwa ya zaizaye su. Akwai ranar da ya baro salansar a cikin wani rafi, ya shigo gari da ƙara kamar jirgi. Da farko ya sa aka yanko masa robar tsohuwar taya aka cusa a ƙarƙashin sifirin ɗin baya. Ta ɗan ɗaga, amma damina ɗaya robar ta lotse. Daga nan ya nufi garejin Kelechi, wani bakanike Ibo da ya tsufa a kan Fijo a garin nan, ni kuma na raka shi.

Kelechi ya zagaya motar ya girgiza kai. "Oga Bamalli, wannan ba tipa ba ne o. Motan ofis ne. Kai kana so ka maida shi jaki."

"Jakin ma ai ba ya jan ciki a ƙasa," in ji Bamalli. "Ɗaga min ita kawai."

Har Panteka ta Kaduna, kasuwar tsofaffin kayan mota, suka je tare, suka samo sifirin masu tsawo da kauri daga jikin wata matacciyar wagon, doguwar Fijon nan ta kaya. Da aka zo ɗaurawa sai tsofaffin shakazoba, masu rage girgiza, suka gaza kaiwa, dole aka nemo dogaye. Ina tsaye ranar da aka sauke ta daga jak. Gaba ya sauka, baya ya ƙi. Bamalli har durƙusawa ya yi ya leƙa ko an manta ba a zare jak ɗin ba. Ta tsaya hanci a ƙasa gindi a sama, kamar kaza tana tsattsagar tsaba. Fitilun ma sai da aka gyara musu zama, don ƙasan gabanta kawai suke haskawa.

Da aka gwada ɗora mata inji sai ta daidaita sak, ba inda ya taɓa ƙasa. Bamalli ya rasa inda zai sa kansa don murna. Amma da aka sauke injin aka zagaya da ita wayam, sai ta riƙa tsalle, bayan yana rawa a kan tsakuwa.

"Na faɗa maka," in ji Kelechi. "In babu kaya, sa buhun yashi biyu a but."

Bamalli ya juyo ya dube ni daga hula har takalmi. Ni kuwa Allah ya yi ni da jiki tun ina yaro.

"Yashi kuma? Ga Almu a tsaye?"

Haka abin ya faro. Duk ranar da zai fita ƙauye ba kaya, sai ya tsaya a bakin rumfata ya danna hon. "Buhu, taso, za mu Izom!" In ce masa, "Tsinke, ba ka ga ina da hulunan mutane a ruwa ba?" Ya ce hula ba ta gudu. Sai in shanya abin da na wanke, in bar wa maƙwabcina amanar rumfa, in shiga. Wurina baya ne, ɓangaren dama, daidai kan taya, nan ya ce nauyina ya fi amfani. Kujerar gaba kuwa akwatin kayan aikinsa ne da galan ɗin ruwa a kai, don haka ko an ɗoro inji a dawowa, ba na canza wuri. A hanya mu yi ta hira ta madubi. Mu tsaya Diko mu ci gasasshiyar doya da manja. Yawancin abin da na sani na rayuwar Bamalli, ƙeyarsa nake kallo ya gaya min.

To, kowa ya san wanda ke zama a wannan kusurwa ta mota. Ga ni ƙato, ga babbar riga, ga hula kullum a tsaye da sitaci, tunda sana'ata ce. Ga shi a gaba siriri da riga mai tabon mai. A shingen hanya ni ake ɗaga wa hannu. Shi abin dariya ya ɗauke shi. In mun iso sai ya zagayo ya buɗe min ƙofa, ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun iso. A taimaka wa direba da na goro." In ce, "Tafi can, tuƙinka ya lalace."

'Yan asalin gari sun san wasa ne. Amma Suleja ta cika da baƙi masu aiki a Abuja suna haya a nan, su kuwa abin da ido ya nuna musu suka ɗauka. Wasunsu da ke kawo min hula suna tsammanin rumfar ɗaya ce daga cikin harkokina, ina zama ne don rage lokaci. Ban taɓa buɗe baki na ce motata ce ba. Amma ban taɓa cewa ba tawa ba ce. Gaskiya daɗi nake ji in an ce min Alhaji, ni da ko Kano sau ɗaya na taɓa zuwa.

A rumfar aikinsa ya yanke jiki ya faɗi. Hawan jini, in ji likitoci. Ya yi 'yan kwanaki a asibiti, bakinsa ya karkace, magana da ƙyar. Abin da na iya ganewa na ƙarshe da ya ce min shi ne injin matar Ɗanlami ya gama shi, a kai musu, suna jira. Ɗanlami wani manomi ne a bayan Izom da suka daɗe tare.

Ranar sadakar uku muna zaune a tabarma a ƙofar gidansa, tun safe nake karɓar gaisuwa tare da 'yan'uwansa. Sai ga Alhaji Khamis, wani Bakano mai aiki a wata ma'aikata a Abuja, yana cikin manyan masu kawo min hula. Ya wuce 'yan'uwan mamaci ya zo kaina, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Alhaji Almu, ya haƙuri? Na ji rasuwar direbanka. Allah ya jiƙansa. Yaron kirki ne, ban taɓa jin ya bar ka a hanya ba. Samun irinsa sai an tona."

Na ce, "Amin, amin. Na gode, Alhaji."

Abin da na ce ke nan. Zan iya cewa bakina ne ya saba, tun safe amin nake faɗi. Amma na ji kalmar sarai. Na ji direba, na ji yaro, mutumin da ya haura sittin, ana faɗa a ƙofar gidan da ya gina da guminsa. Kuma na ji kunyar gyara wa Alhaji magana a gaban mutane ta fi ƙarfina. Da na ɗaga kai sai na ga Hamdiyya a bakin zaure riƙe da faranti na ruwa. Ta ajiye shi a hankali ta koma ciki.

Yarinyar nan tun da ta fara magana Baba Almu take ce min. Ni na riƙe igiyar ragon sunanta. Washegari da na shiga zaure ta fito, ta durƙusa yadda ta saba, ta ce, "Ina kwana, Malam."

Na amsa, amma ban san me na ce ba. Tun daga ranar haka ta ci gaba. Ba ta yi min rashin kunya ba ko sau ɗaya. Za ta kawo min ruwa, ta kawo abinci, ta ce Malam ga shi. Luba tana takaba, ta bayan labule muke gaisawa, kuma daga muryarta na gane an gaya mata. Bamalli ya tafi, gidansa ne abin da ya rage min na shi, kuma ina gani ƙofar tana rufuwa a hankali.

Bayan an tashi daga zaman makoki na aika wa Hamdiyya maganar injin. Ta ce ta sani, ita za ta tuƙa, in ina so in zo in nuna mata hanya. Kelechi da mutanensa suka ɗora mana injin. Tsohon yana ɗaure igiya yana share ido da kafaɗa. Na sa hannu zan buɗe ƙofar baya, sai na tsaya. Na zagaya na sauke akwatin kayan aiki daga kujerar gaba na mayar baya, na zauna a gefenta. Tana tuƙi irin na mahaifinta, tana sa giya da yatsu biyu. Har muka wuce Diko ba wanda ya yi magana sai ni, in ce dama, in ce hagu. A rafin nan da ya taɓa cinye salansa ta rage gudu, motar ta tsallake ba ta taɓa ko dutse ba.

A gidan Ɗanlami mata suka kewaye Hamdiyya suna kuka. Maza suka sauke injin. Ni kuwa tun a hanya nake shirya maganata, don haka da na ga mutane sun taru sai na gyara murya na ɗaga ta yadda za ta ji.

"Jama'a, ina so ku sani, motar nan ta marigayi ce. Ba tawa ba ce. Shi ba direbana ba ne, bai taɓa yi min aiki ba. Ni..."

Ɗanlami ya dube ni baki buɗe, sai ya fashe da dariya, hawaye bai bushe a fuskarsa ba.

"Wa ya ce taka ce? Malam Bamalli ya gaya mana tun tuni. Ya ce kai ne dutsen da yake danne mota da shi. Yara a nan Dutse suke ce maka, kai ba ka sani ba?"

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Aka haɗa injin, aka zuba masara, ya tashi lafiya. Matar Ɗanlami ta ɗebo garin farko ta miƙa wa Hamdiyya a tafin hannu.

A dawowa ba kaya, motar ta yi ta wurgi da mu, kaina na bugun rufi. Sai da muka hau kwalta Hamdiyya ta yi magana, idonta a kan titi.

"Na ji abin da ka ce a can."

"Hamdiyya, ki yafe min."

"Mutanen can ba su taɓa raina shi ba, Malam. Ba nan ne wurin faɗinta ba."

"Wasa ne tsakaninmu. Shi da kansa yake buɗe min ƙofa."

"Na sani. Yakan ba mu labari a gida har Umma ta riƙe ciki don dariya. Amma ranar nan ba ya nan balle ya yi dariya. Kai kaɗai ne a wurin da za ka iya cewa a'a."

Na dubi hannayena a kan gwiwa har muka shigo Maje.

Alhaji Khamis yana da majalisa a ƙofar wani kanti kusa da masallacin unguwarsu, inda suke zama bayan an sauko Juma'a, shi da abokansa ma'aikata. Kusan dukkansu hulunansu ta hannuna suke bi. Na gaya wa Hamdiyya ranar da zan je, ban ce ta zo ba. Da na iso a ƙafa sai na hango motar a tsallaken titi, tana ciki, gilashi a sauke.

"A'a, Alhaji Almu! Yau a ƙasa? Ba a samu sabon direba ba tukuna?" in ji ɗaya daga cikinsu. Aka matsa min wuri a benci. Na ce a bar ni a tsaye.

Maganar ba ta fito da kyau yadda na shirya ba. Na ce sunansa Malam Bamalli, ƙwararren mai gyaran inji ne da ake nemansa tun daga Diko har Gawu. Na ce motar tasa ce, shi ya saya, shi ya sa aka ɗaga ta don aikinsa. Na ce ni ba Alhaji ba ne, ban da komai sai rumfar wanki da kwano biyu, kuma abin da ya sa suke ganina a baya shi ne motar tana bukatar nauyi in ba kaya, ni ne nauyin. Wani ya fara dariya ya ga ba wanda ya taya shi, ya yi shiru. Na ce ranar sadakar uku an kira shi direbana na ce amin, kuma 'yarsa tana ji.

Alhaji Khamis ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Subhanallahi. Malam Almu, me ya hana ka faɗa min a lokacin?"

"Kunyarka na ji, Alhaji. Da kuma son a ci gaba da ganina yadda ake ganina."

Sai ya tambayi inda yarinyar take, na nuna masa da kai. Ya tashi ya sa takalmi ya tsallaka titi shi kaɗai. Ina hango shi ya ɗan sunkuya a tagar motar yana magana, sannan ya ɗaga hannu yana addu'a, ita ma ta ɗaga, ta shafa. Da ya dawo ta tada mota ta tafi, ba ta dubi inda nake ba. Na koma gida a ƙafa. Cikin 'yan majalisar akwai waɗanda tun ranar ba su sake ce min Alhaji ba, ɗaya kuma ya koma aiko min da hula ta hannun mai acaɓa. Ba na jin haushinsu.

Kwanaki suka wuce ban ji daga gare ta ba, ni kuma na kasa zuwa gidan. Shekaranjiya da hantsi ina tsugune ina cuɗa hula, sai inuwa ta rufe min kwano. Hamdiyya ce, da jakar makaranta a kafaɗa da ƙullin leda a hannu. Ta gaishe ni a hankali har ban ji da wane suna ba. Ta kwance ledar. Hulunan Bamalli ne, tsofaffi, guda huɗu. Ta ce Umma ta ce a wanke, za a raba wa ƙannensa.

"Baba Almu, kada ka cika musu sitaci," in ji ta. "Ba ya son hula mai tauri."

Na ce to. Ta ce za ta makara, ta tafi.

Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Kowacce a gefen dama, inda yake kamawa in zai gyara mata zama, akwai baƙin tabo girman babban yatsa. Na san abin da ke fitar da baƙin mai, aikina ne, ɗan kananzir da sabulu ya isa. Na jera su a kan benci kusa da ni, na gama na mutane, na shanya, na tashi. Jiya ma haka. Ta ce ranar Asabar za ta zo karɓa, kuma har yanzu ban sa su a ruwa ba.